Laba Ɗari da Talatin

A Bakersfield, bayan layin dogo,
inda ƙamshin gonar lemo ke karo da warin baƙin mai,
nan garejin Ruperto Almaguer yake.
Shekara uku ina share masa daɓe
kafin ya yarda na taɓa kan inji.

Ran Talata Wendell Strayhorn ya shigo
da kwali a hammata, yana taunar cingam.
Sifirin goma sha shida, sababbi fil, masu kauri,
ya zube su kan tebur kamar mai biyan bashi:
"Babu mafi ƙarfinsu a kasuwa. A ɗaura min.
Asabar ina da tsere."

Tsoho bai ce uffan ba.
Ya ɗauki ɗaya, ya sa a ma'auni, ya danna.
Allura ta wuce laba ɗari biyu, ta tsaya tana makyarkyata.
Ya ce, "Maɗagin bawul ɗinka na mai ne,
ba dunƙulen ƙarfe ba. Ciki gare shi.
Ɗan ƙoƙo ne riƙe da kurɓi guda,
kan kurɓin nan duk hayaniyarka ta dogara.
Ka aza masa wannan kaya,
zai tatse shi kamar tsumma,
ya durƙushe, bawul ya buɗe rabi da rabi,
ka ji ƙas-ƙas kamar keken tela,
ka biya kuɗin doki, ka hau jaki."

"To a mayar da tsofaffin," in ji Wendell.

Tsoho ya yi nuni da haɓa.
Ga bawul rataye a ƙusa,
wuya a karkace kamar na kazar da aka murɗe.
"Aikin sifirin mai sanyin hali ke nan.
A juyi dubu shida bawul ya daina jin kira,
ya tsaya shawagi, bai koma mazauninsa ba.
Maɗagi ya ga sarari, ya sha mai ya kumbura,
ya tokare ƙofa a buɗe.
Fistan kuwa ba ya sallama."

Bai ce injin wa ba ne.
Ni na sani: na ɗansa ne, Leandro,
wanda ya tafi Reno shekara tara ke nan.
Rigar aikinsa na nan bayan ƙofa,
ba a sa ta, ba a jefar ba.

Daren Laraba muka zauna da wasu sifirin,
matsakaita, marasa kwarjini.
Ɗaya bayan ɗaya muke aunawa,
yana faɗa, ina rubutawa a murfin kwali:
ɗari da talatin in bawul na zaune,
ɗari uku da ɗoriya in ya buɗe baki.
Uku sun gaza da laba biyar,
muka sa musu washa siririya kamar farce.
Na bakwai ya ƙi daidaituwa sam,
ya tafi kwandon shara.

Da aka zo ɗaure noti
hannunsa na rawa, sai ya miƙo min sifana.
"Marisela, murza sandar turi da yatsu biyu.
Kar ki duba. Ido maƙaryaci ne a nan.
Inda kika ji ta fara noƙewa, tsaya."
Na murza. Tana juyi, tana juyi,
sai ta yi ɗan nauyi
kamar mai shirin magana ya fasa.
"Yanzu rabin zagaye. Rabi na ce."
Sau goma sha shida muka yi haka,
har jirgin ƙasan ƙarfe biyu ya wuce
ya girgiza kwalaben da ke taga.

Asabar Wendell ya zo na biyu,
tazarar ba ta kai tsawon hannu ba.
Litinin ya dawo yana ƙunƙuni,
wai da nasa aka sa, da kofi na gidansa.
Tsoho ya ce a tada injin.
Ya ɗora bakin sukundireba kan murfi,
ya manna kunne a ƙotar,
ya daɗe a haka, ido a rufe.
Sannan ya miƙo min.

Ba ƙas, ba ƙis.
Sai wani gurnani mai santsi, can ƙasa.

Kwalin Wendell na nan ƙarƙashin tebur har yau,
da shi muke tokare ƙofa in iska ta taso.